Gyaran hinjin kwamfuta da ƙofar firji a wani shago kusa da titin Beirut, Kano

A cikin shagunan kwamfuta da ke kewayen titin Beirut a birnin Kano akwai wani ƙarami a saman bene wanda ba shi da allon suna, amma duk wanda ya tambayi masu sayar da caja da batir a ƙasa inda ake gyaran hinji, can za a nuna masa. Aikin da aka fi sanin shagon da shi shi ne gyaran ƙarfen nan da ke haɗa murfin kwamfutar tafi-da-gidanka da gangar jikinta, sannan sukan je gida idan an kira su domin ƙofar firji ko murfin firiza ko ƙofar obin. Na kai musu kwamfutata, daga baya kuma na kira su gida saboda firji. Ra'ayina shi ne aikin hannunsu yana da inganci ƙwarai, ya fi na yawancin masu gyaran da na yi hulɗa da su, amma yadda suke tafiyar da shagon yana buƙatar gyara sosai.

Abin da ya bambanta mai shagon da sauran shi ne fahimtar da ya yi wa dalilin karyewar. Yawancinmu idan muka ga kusurwar kwamfuta ta buɗe baki, roba ta tsage, sai mu ce hinji ya karye, alhali sau da yawa ƙarfen yana nan lafiya ƙalau, abin da ya karye shi ne robar da aka ɗaure shi a jikinta. Da gangan ake ƙera hinjin da tauri, domin murfin ya tsaya a duk inda aka bar shi ba tare da ya faɗo ba. Ana samun wannan taurin ne ta hanyar jera ƙananan washa a kan wata 'yar sanda a matse su da noti, ko kuma a naɗe ƙarfe a jikin sandar ya kama ta gam. Shi kuma hinjin ana ɗaure shi ne da ƙananan notuna biyu ko uku, waɗanda ke shiga cikin wasu gidaje na tagulla da aka dasa a cikin roba tun daga masana'anta. Duk lokacin da aka buɗe murfin, ƙarfin da hannu ya sa a kan wannan 'yar robar yake ƙarewa, kuma da yake murfin dogo ne, ƙafar hinjin kuma gajera, ƙarfin yakan ninka sau da yawa kafin ya isa can. Lamarin ya yi kama da turken da aka kafa a rairayi aka ɗaure masa ingarma, igiya ba za ta tsinke ba, turken ma ba zai karye ba, ƙasar ce za ta saki.

Yanayin Kano kuma yana ƙara tsananta abin. Ƙurar hunturu tana shiga cikin giris ɗin hinjin ta cakuɗe da shi har ya daskare, zafin bazara wanda kan haura digiri 40 a watan Afrilu yana busar da abin da ya rage, ga kuma zafin da ita kanta kwamfutar ke fitarwa, wanda a samfura da yawa ta kusa da hinjin yake fita. Bugu da ƙari, mafi yawan kwamfutocin da muke saye na hannu ne, sun riga sun yi shekaru a ofisoshin Turai da Amurka kafin su iso gare mu, robarsu ta fara tsufa ta rasa laushinta. Saboda haka hinjin yana ƙara tauri a daidai lokacin da robar ke ƙara rauni, kuma wanda ya saba ɗaga murfin ta kusurwa ɗaya, ko ɗaukar kwamfutar ta allonta, shi ne ke ƙarasa aikin.

A gabana aka buɗe kwamfutata, kuma wannan kaɗai abin yabo ne, domin masu gyara da yawa ba sa son mai kaya ya tsaya a kansu. Da mai shagon ya cire murfin ƙasa, abin da ya fara yi shi ne zare wayar batir daga jikin allon ciki, wato faifan da ke ɗauke da kayan lantarkin kwamfutar, kafin ya taɓa komai. Notunan da yake kwancewa kuwa ba ya tara su wuri ɗaya. Yana da wata takarda da ya zana siffar kwamfuta a kai, kowane noti yana ajiye shi a daidai gurbin da ya fito, saboda tsawonsu ba ɗaya ba ne, kuma dogon noti idan ya shiga ramin gajere yana iya huda robar sama ko ya taɓa allon ciki. Da ya isa kusurwar hagu sai ga gidajen tagullar nan uku suna reto a jikin notunansu, kowanne da ɗan ɓarɓashin roba maƙale da shi. Ya kwance hinjin gaba ɗaya, ya kama gefe ɗaya da filaya, ya miƙo mini ɗaya gefen ya ce in motsa shi. Da hannu biyu na gwada, da ƙyar ya juya.

"Malam, ka ga inda ciwon yake," in ji shi. "Ko kwano guda na gam na zuba a nan, in ban sassauta wannan ba, sai ka dawo."

Ya wanke sandar hinjin da sifirit har baƙin dattin ya fita, ya shafa sabon giris, sannan ya sassauta notin da ke bakin sandar kaɗan, bai kai rabin zagaye ba, yana gwadawa yana ƙarawa. Ya yi wa hinjin dama haka shi ma, ko da yake ba a nan aka samu karaya ba, domin idan ɗaya ya fi ɗaya tauri murfin zai riƙa murɗewa a duk buɗewa, kuma gilashin allon ne zai ɗauki wahalar. Ma'aunin da yake bi shi ne murfin ya buɗu da yatsa ɗaya daga tsakiya ba tare da gangar jikin ta biyo shi sama ba, kuma ya tsaya cak a inda aka sake shi. Ya bayyana mini cewa irin hinjin da ba shi da noti, wato mai naɗaɗɗen ƙarfe, ya fi wuyar sassautawa, wani lokaci wanki da giris sukan isa, wani lokaci kuma sai an canza shi ɗungurungum.

Sai bayan wannan ya koma kan robar. Gam mai haɗi biyu yake amfani da shi, irin su Araldite, wanda ake matso kashi biyu a cakuɗa, kuma ya fi son mai jinkirin bushewa a kan mai kamawa cikin mintuna, saboda mai jinkirin ya fi ƙarfi idan ya gama daskarewa. Ya kankare wurin da magagari domin gam ɗin ya samu abin kamawa, ya goge da sifirit, ya mayar da gidajen tagullar gurbinsu. Akwai wata dabara da na ga ya yi wadda ta burge ni: kafin ya zuba gam, sai da ya shafa wa zaren notunan ɗan giris ya ɗaura su cikin gidajen, domin kada gam ya shiga ya toshe ramin, kuma domin wanda zai buɗe kwamfutar nan gaba ya iya kwance su. Ya kuma shimfiɗa wata 'yar ragar waya siririya a cikin gam ɗin domin ta riƙe shi. Daga nan ya ce sai ta kwana, ba za a ɗaura hinji ba sai gam ya cika yini guda. Na nemi ya taimaka ya ba ni a ranar saboda ina da aiki, ya ba ni haƙuri ya ƙi. A wannan gaskiya tana wajensa, kuma na fi yarda da mai gyaran da zai iya ce wa mai kaya a'a a kan irin wannan.

Sufa gulu kuwa ba ya shiga aikinsa ko kaɗan, kuma ya nuna mini dalili a jikin wata kwamfuta da aka kawo masa bayan an yi mata irin wannan gyara a wani wuri. An tula mata shi haɗe da garin soda, abin ya zama dunƙule mai tauri, ya sake tsagewa a gefensa, ya kwarara ya kama wayar allo, tururinsa kuma ya bar farin tabo a gefen gilashi. Irin wannan gam yana da tauri amma ba ya jure lanƙwasawa, hinji kuwa aikinsa ke nan kullum. Mai kayan ya biya kuɗin gyara na farko, yanzu kuma zai biya kuɗin sabon murfi da sabuwar waya.

Idan robar ta rududduge har babu abin da gam zai kama, hanya biyu yake gabatarwa. Ta farko ita ce a huda murfin ko gangar jikin, a zura ɗan dogon noti ya fito ta waje, a sa masa washa a ɗaure. Wannan ya fi kowane gyara ƙarko, sai dai kan notin zai riƙa bayyana a bayan kwamfutar, kuma na lura ba ya hudawa sai ya nuna wa mai kaya wata da aka yi wa haka ya ga yadda za ta koma. Ɗalibai da masu shagon buga takardu sukan yarda nan take, ma'aikatan ofis kuma sukan yi jinkiri. Hanya ta biyu ita ce canza murfin gaba ɗaya da wanda aka ciro daga matacciyar kwamfuta irinta. A nan ma bai ɓoye mini ba cewa robar da za a kawo shekarunsu ɗaya da wadda ta karye, don haka ko an canza sai an sassauta hinji.

Wani abin da yake dubawa ko ba a tambaye shi ba shi ne wayoyin da ke bi ta cikin hinjin. Wayar da ke kai hoto zuwa allo, da ta kyamara, da siraran wayoyin da ke kamo intanet, duk ta wannan ƙunƙuntar hanya suke wucewa, kuma hinjin da ya goce yana iya tsinka su. Shi ya sa allon da ke ƙyaftawa ko canza launi idan an motsa murfi yake nuna cewa ɓarnar ta wuce roba. Wannan matsala ba ta tsaya a kan kwamfutoci masu araha ba. Samfurin MacBook Pro na shekarar 2016 ya yi suna da lalacewar hasken allo saboda siririyar wayar da ke lanƙwashewa a wurin hinji, har kamfanin Apple ya buɗe shirin gyara kyauta a 2019 ga masu inci 13. Tawa wayar ta ɗan goge a bayanta amma ba ta tsinke ba, sai ya naɗe ta da tef ya mayar da ita hanyarta.

Kuɗin da ya karɓa bai kai rabin abin da aka nema a wurina a wani shago domin canza murfi ba, kuma abin da ya faɗa tun farko shi ya karɓa, bai ƙara komai ba. Tun daga lokacin ina buɗe kwamfutar ina rufewa kullum, ta shiga hunturu ta fita, kusurwar ba ta sake motsi ba.

Aikin firji ƙanin mai shagon ne ke zuwa yi, tare da yaro ɗaya. Ƙofar firjinmu ta ƙasa ta sauka kaɗan, tana gogar gindi idan za a rufe, abinci ba ya yin sanyi yadda ya kamata, injin kuma ba ya hutawa muddin akwai wuta. Na yi tsammanin jin abin da aka saba ji, wato gas ya ƙare, amma bai ko ambaci gas ba. Ya ɗauki takarda ya rufe ƙofar a kanta, ya ja, ya yi haka a wurare daban-daban a kewayen ƙofar. A wajen hinji takardar ta kamu, a kusurwar sama ta ɗaya gefen kuwa sai ta zame ba tare da wata turjiya ba, kuma ta nan iska mai zafi take shiga. Ya zare firjin daga wuta, ya sa aka kwashe robobin ruwan da ke jikin ƙofar, ya kwance hinjin tsakiya, suka ɗaga ƙofar suka kwantar a kan tabarma. A ƙasanta akwai wani ɗan zoben roba da sandar hinjin ke shiga ciki, ya cinye ta gefe ɗaya har ramin ya koma kamar ƙwai. Ya canza shi da wani da ya zo da shi, ya ƙara washa ɗaya domin ƙofar ta ɗan ɗago, ya jiƙa robar bakin ƙofa da ruwan ɗumi ta saki, sannan ya murɗa ƙafafun gaba har firjin ya ɗan jingina baya, ta yadda ƙofar ke komawa da kanta idan an sake ta. Da ya sake gwajin takarda, ko'ina ta kamu. Ya roƙi uwargida da ta rage manyan robobin ruwa a jikin ƙofar, domin nauyinsu ne ya cinye zoben. A garin da wuta ke ɗaukewa na tsawon sa'o'i, ƙofar da ke rufuwa da kyau ita ce ke riƙe sanyi har wutar ta dawo, don haka wannan ɗan gyaran ya fi girman kuɗinsa nesa ba kusa ba.

Zoben da ya sa daga tsohon firji aka ciro shi, domin sabo ba ya samuwa a kasuwa, kuma wannan abu ne da ke damuna. A Tarayyar Turai, tun watan Maris na 2021 doka ta wajabta wa masu ƙera firji su tanadi hinjin ƙofa da mariƙinta na tsawon shekara 7 bayan sun daina sayar da samfurin, robar bakin ƙofa kuma shekara 10, haka nan ƙofar injin wanki da hinjinta shekara 10. Firji da yawa da ke gidajenmu daga can suka fito, amma kayan gyaransu ba su biyo su ba. Da dillalan da ke shigo da kwantena za su riƙa haɗowa da irin waɗannan ƙananan kaya, da sun samu kasuwa, masu gyara kuma sun huta da yawon neman gawar firji.

Ban gwada su a kan firiza ba, amma bayanin da ƙanin ya yi mini ya nuna ya san haɗarin aikin. Ya ce yawancin masu kiransu mata ne masu sayar da ƙanƙara da zoɓo da kunun aya, waɗanda ke buɗe murfin firiza ba adadi a yini. Hinjin irin wannan murfi yana da sifirin mai ƙarfi a ciki wanda ke iya fizgewa ya ji wa mutum rauni idan aka kwance shi da ganganci. Idan ana buƙatar walda, sukan cire hinjin su kai wa mai walda shi kaɗai, ba sa yarda a kusanto da wuta jikin firizar, kuma ba sa huda bangonta domin sabon ramin noti, saboda bututun gas a cikin bangon suke, ga shi yawancin na zamani suna amfani da gas ɗin R600a wanda ke kama wuta.

Akwai ayyuka biyu da ba sa karɓa, kuma ina ganin sun kyauta. Na farko shi ne ƙofar maikurowef da ta lanƙwashe ko hinjinta ya karye. Wannan ƙofa ita ce ke tsare igiyoyin makamashin da ke dafa abincin a ciki, tana kuma danna wasu makunnai da ke hana ta aiki idan ba ta rufu daidai ba, sannan a cikin na'urar akwai abin da ke riƙe wuta mai kisa ko bayan an zare ta daga soket. Na biyu shi ne wayoyin hannu masu naɗewa. Hinjinsu yana da ƙananan haƙora masu yawa a manne da allo mai laushi, kuma ko kamfanin Samsung sai da ya ɗage fitar da Galaxy Fold na farko daga Afrilu zuwa Satumba na 2019 bayan allunan gwaji sun lalace, ciki har da waɗanda datti ya shiga ta hinjinsu. Mai shagon yakan tura masu irin wannan waya zuwa cibiyar gyara ta kamfanin da ya ƙera ta.

Inda shagon ya gaza shi ne wajen tsari. Lokacin da suka yanka mini na karɓar kwamfuta bai cika ba, na je na tarar ba a ɗaura hinjin ba saboda mai shagon ya fita neman kaya, kuma babu wanda ya kira ya sanar da ni, alhali sun karɓi lambata. Ƙanin ma da safe ya ce zai zo, sai bayan la'asar ya iso, bayan an riga an kwashe kayan firji ana jiransa. Wurin zama benci ɗaya ne, kuma benen yana da wuyar hawa ga dattijo.

Abin da ya fi waɗannan nauyi shi ne rashin rasit. Ana karɓar kwamfuta ne a liƙa mata ɗan tef a rubuta sunan mai ita, a ɗora ta a kan wasu a kanta, shi ke nan. Ba a rubuta lambar jikinta, ba a rubuta girman ma'ajiyarta ko yanayin batirinta, garantin da suke bayarwa kuma na baka ne. Ban ga alamar rashin amana a tare da su ba, amma shago ne da yara 'yan koyo ke shiga suna fita, kayan mutane kuma suna kwana a ciki, kuma ranar da aka samu saɓani babu takardar da za ta raba gardama, wanda hakan cutarwa ce ga su kansu kafin mai kaya. Na faɗa wa mai shagon wannan a gabansa, ya karɓa da kyau, ya ce zai buga rasit. Kafin ya yi hakan, wanda zai kai kwamfutarsa ya kwafe muhimman takardunsa tukuna, ya ɗauki hoton lambar da ke ƙasanta da hoton allon a kunne a gaban mai shagon. Kada kuma ya bayar da lambar sirrinsa, domin gyaran hinji ba ya buƙatarta, ganin allo ya kama ya isa a tabbatar wayar tana aiki. Idan ma'ajiyar kwamfutar mai ciruwa ce, yana iya neman a cire masa ita ya tafi da ita gida, na nemi haka kuma an yi mini ba tare da wata gardama ba.